Tsohon Doki Sai Mai Shi

Kawuna yana da wani kili da ya sayo a kasuwar Maigatari tun ina firamare. Shekara 14 dokin nan ya yi yana fita a tawagar wani hakimi, Hawan Sallah, Hawan Daushe, Hawan Nasarawa, babu wanda ya wuce shi. Ba mu taɓa raɗa masa suna ba, Kili kawai muke ce masa, sai ka ce babu wani farin doki a Kano sai shi. A shekarar da ya yi tuntuɓe sau biyu tsakanin Ƙofar Kudu da gida, Kawu ya sauke masa sirdi ya ce ya gama aiki. Dillalai suka yi ta sintiri, Kawu ya ce ko nawa za a ba shi ba zai sayar ba, a turkensa zai mutu. Wasu a unguwa suka yaba, wasu suka yi dariya suka ce ai tsohon doki sai mai shi.

Bayan shekara huɗu wani abokina da muka yi sakandare tare, wanda ya zama likitan dabbobi, ya raka ni gaida Kawu. Za mu wuce ta bakin barga sai ya ja ya tsaya. Ya daɗe yana kallon Kili, ya sunkuya ya dafa kofatonsa, ya duba wasu miki guda biyu da ke gaban gwiwoyinsa, sannan ya tambayi yaron barga yaushe rabon dokin nan da kwanciya. Yaron ya ce shi dai bai taɓa lura ba. Da muka shiga, bayan an gaisa, abokina ya sassauta murya ya ce, "Alhaji, dokin nan fa yana shan wahala." Kawu ya haɗe rai ya ce, "Likita, dokin da yake cinye kwanon dawa ya nemi ƙari, shi ne yake shan wahala?"

Tambayar Kawu ba ta wasa ba ce, kuma ta daɗe tana yi mini yawo a rai. Da wane mudu ake auna wahalar dabbar da ba ta magana? Wa ya fi cancanta ya auna, wanda ya yi shekara 18 da ita ko wanda ya gan ta na minti goma? In kuma an auna an ga wahalar ta yi yawa, me ya hau kan mai ita?

Bari mu fara da ɗingishi, tunda shi kowa yake nema da ido. Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, shi ya sa yawancin ciwon ƙafa a can yake. In ƙafar gaba ɗaya ce ke ciwo, ka sa a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ka tsaya ka kalli kansa. Duk sa'ad da ƙafa mai ciwo ta taka, zai ɗaga kai don ya rage mata nauyi, in lafiyayyar ta taka sai kan ya sauka. Tsofaffin masu barga sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Ƙungiyar likitocin dawaki ta Amurka ta tsara abin a kan ma'auni daga 0 zuwa 5. Sifili babu komai. A mataki na 1 abin yana zuwa yana ɓacewa, da ƙyar ake kama shi. A na 2 ba ya fitowa sosai sai an zagaya da dokin, ko an hau da shi tudu, ko an ɗora masa nauyi. A na 3 kullum ana gani a sassarfa, a na 4 ko a tafiya ta hankali ana gani, a na 5 kuwa da ƙyar yake iya taka ƙafar.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, idon ƙwararru ma yana saɓawa. A wani bincike da Kevin Keegan na Jami'ar Missouri da abokan aikinsa suka buga a 2010, an sa gogaggun likitoci su duba dawaki iri ɗaya. Inda ɗingishin ya fito fili, bakinsu ya zo ɗaya fiye da sau 9 cikin 10. Inda yake ɗan kaɗan kuwa, kusan sau 6 cikin 10 kawai suka yi ittifaƙi a kan ko ƙafar tana ciwo ko ba ta yi. In haka ta faru da waɗanda aikinsu ke nan, ba na ganin laifin dattijon da ke kallon dokinsa da buta a hannu da asuba.

Sai dai ma'aunin nan yana da wani gibi da ya fi saɓanin likitoci girma, wato yana kama bambanci ne tsakanin ƙafa da ƙafa. Kili ba ya ɗaga kai ko kaɗan in yana tafiya, saboda ƙafafun gabansa duka biyu ciwo suke yi daidai wa daida, babu wadda zai jingina da ita. Takunsa dai ya gajarce, yana tafiya kamar mai taka ƙaya, mu kuma muka ce tsufa ne. A bayan layinmu kuwa akwai wata goɗiya da ta taɓa samun rauni a ƙafar baya tun tana ƙarama, gaɓar ta warke ta sandare. Duk wanda ya gan ta tana jan ƙafa sai ya ce wayyo. Amma goɗiyar nan ita ke fara isa wurin harawa, ta yi birgima a rairayi ta tashi ta kakkaɓe jiki, ta kai wa na kusa da ita cizo in ya matso mata. A ma'aunin Amurkawa tana mataki na 4, Kili kuwa mai kallo daga nesa zai iya ba shi 1. Wanda duk ya zauna da su biyun na yini guda ya san wanda yake jin jiki.

An tsara ma'aunin ɗingishi ne don dokin da ke aiki, kuma tambayar da yake amsawa ita ce ko za a iya hawan dokin nan, ko zai iya tsere, ko ya cancanci kuɗin da aka sa masa. Ranar da aka sauke wa doki sirdi har abada, wannan tambaya ta mutu. Abin da ya saura shi ne yadda dokin yake yini da yadda yake kwana, a lokacin da babu mai bukatar komai daga gare shi. Mu kuwa ba mu saba yin wannan tambaya ba, domin tun asali don amfaninmu muka ɗaure shi.

Abokina ne ya ba ni shawarar in ɗauki hoton bidiyon Kili da dare. Dalilinsa wani bincike ne da Catherine Torcivia da Sue McDonnell suka buga a 2020 daga asibitin dabbobi na New Bolton, na Jami'ar Pennsylvania. Sun sa kyamara a kan dawaki 20 da ke kwance a asibiti saboda ciwon ƙashi da gaɓoɓi, suna ƙirga alamun rashin jin daɗi da suke nunawa. Da zarar mai kula da su ya shigo, alamun nan sai su ragu da kusan kashi 77 cikin 100, yana fita kuma su dawo. Wasu suna fassara wannan da cewa doki dabba ce da ake farauta a daji, wanda ya nuna rauni shi kura ke bi. Wasu kuma suna ganin hankalinsa ne kawai yake komawa kan mai shigowa. Ko wanne ne, abin da ya fito fili shi ne dokin da kake gani in kana tsaye a gabansa ba lallai ne shi ne dokin da ke nan in ka juya baya ba.

Na samo wata tsohuwar waya na jingina ta a tagar barga, na haɗa mata fawa bank, na kunna fitilar sola na tafi. Washegari na zauna na kalla, ina turawa gaba ina tsayawa. Tun daga sha ɗayan dare Kili yake sauya ƙafa, ya ɗaga ta dama ya ajiye, ya ɗaga ta hagu ya ajiye, ba hutu. Wani lokaci sai ya miƙa ƙafafun gaba can gabansa ya jingina baya, kamar wanda ake ja da igiya yana ƙi. Sau uku ya shinshina ƙasa, ya ɗan zagaya iyakar tsawon igiyarsa, ya fara lanƙwasa gwiwa zai kwanta, sai ya fasa. Wajen ƙarfe uku kansa ya yi ta sauka a hankali har leɓensa ya kusa taɓa ƙasa, sai ƙafafun gaba suka saki, ya faɗi a kan gwiwoyinsa, ya zabura ya miƙe a firgice. Kafin asuba ya sake yin haka sau biyu. Mikin da muka yi wata da watanni muna cewa turke ne ke gurje shi, ashe ga inda yake samun sa.

Doki yana iya gyangyaɗi a tsaye, domin akwai wasu jijiyoyi a ƙafafunsa da ke riƙe gaɓoɓi ba tare da tsoka ta wahala ba. Amma barci mai nauyi, wanda jiki ke saki gaba ɗaya, ba ya samuwa sai ya kwanta, ko da na rabin awa ne a kwana guda. Dokin da yake tsoron in ya kwanta ba zai iya tashi ba sai ya daina kwanciya, har barcin ya riƙa sace shi a tsaye yana kayar da shi.

A ƙarshen bidiyon, bayan kiran assalatu, sai ga Kawu ya shigo. Nan take Kili ya miƙe sak, ya kafa kunnuwa, ya yi 'yar haniniyar nan tasa ta ƙasa-ƙasa. Kawu ya shafa masa geza ya wuce masallaci. Da na nuna wa Kawu bidiyon, sau biyu ya kalla bai ce uffan ba. Can ya miƙo mini wayar ya ce, "Ashe ɓoye mini yake yi."

A nan ne karin maganar nan ta juye mini. Tsohon doki sai mai shi, gaskiya ne, domin in ban da Kawu babu wanda zai ciyar da dokin da ba a hawa har shekara huɗu. Amma mai shi ɗin ne kuma ya fi kowa wuyar ganin halin da yake ciki. Lalacewar tana zuwa ne kaɗan-kaɗan, dokin yau bai bambanta da na jiya ba, na jiya bai bambanta da na shekaranjiya ba, har ido ya saba. Ga so kuma, wanda aka ce yana hana ganin laifi, ni kuwa na ga yana hana ganin ciwo ma. In Kawu ya kalli Kili, dokin da ya yi jafi a gaban sarki yake gani. Duk da haka ba zan ce a ƙwace hukunci daga hannun mai doki a miƙa wa baƙo ba. Baƙon da ya ga goɗiyar bayan layi zai iya cewa a gama da ita, alhali tana cikin jin daɗinta. Kawu ne ya san cewa Kili ya daina birgima bayan ruwan sama, ya daina kiran dawakin maƙwabta in za su wuce. Ya san duk wannan, bai dai taɓa haɗa su wuri ɗaya ya kira su da sunansu ba. Likita ya zo da sunan, Kawu yana da tarihin, kuma ɗayansu bai isa shi kaɗai ba.

Ciwon da abokina ya samu shi ne wanda likitoci ke kira laminaitis. A cikin kofato akwai wani siririn nama mai fallaye-fallaye da ke manne ƙashin ƙarshe na ƙafa da bangon kofaton, duk nauyin doki a kansa yake rataye. In ya kumbura sai riƙon ya sassauta, ƙashin ya fara karkata ko ya nutsa ƙasa. Kwatanta farcenka yana rabuwa da yatsa, kai kuma a kan farcen nan kake tsaye dare da rana. Daga cikin abubuwan da ke jawo shi akwai yawan hatsi, da ƙiba, da wata cutar da ke rikita sinadaran jikin tsofaffin dawaki. Wannan ne ya fi yi wa Kawu zafi. Kwanon dawar da yake kafa hujja da shi, wanda yake cikawa safe da yamma don girmama dokin da ya yi masa hidima, yana cikin abin da ke cin ƙafafunsa. Ci kuma ba shaidar lafiya ba ce a wurin doki, dabba ce da takan ci gaba da ci ko tana cikin azaba.

Zan faɗi wani abu da masu dawakinmu ba za su so ji ba. Dokin da aka sake yana shafe fiye da rabin yininsa yana kiwo yana takawa a hankali, cikin 'yan'uwansa. Namu kuwa yana turke, igiya ba ta fi taku uku ba, wani har da dabaibayi, a kan daɓe ko busasshiyar ƙasa. Mai aiki dai ana fita da shi ƙilisa yana miƙe ƙafa. Wanda ya yi ritaya ko wannan ba ya samu. Abin da muke kira hutu, a wurinsa tsayuwa ce wuri ɗaya har mutuwa.

Ba a fara da maganar kashewa ba, kuma bai kamata a fara da ita ba. An janye dawa da dusa, aka bar shi da ciyawa da harawa daidai kima. Aka gyara masa kofato, ana maimaitawa duk bayan 'yan makonni. Aka sa shi a kan maganin kashe zafi, abokina yana gargaɗin cewa irin wannan magani in an daɗe ana bayarwa yana iya taɓa ciki da ƙoda. Aka kai shi gonar Kawu a bayan gari, aka kewaye masa fili aka zuba yashi tifa guda, aka kwance igiya, aka haɗa shi da jakin mai gadin gona. A mako na uku Kawu ya kira ni a waya, ko sallama bai gama ba ya ce, "Ya kwanta!" Ya yi shame-shame a yashi har yaran mai gadi suka rugo suna cewa ya mutu. Bayan nan Kili ya samu kusan shekara guda ta rayuwar doki. Yana takawa a hankali, kowa ya gan shi ya san ƙafafunsa ba daidai suke ba, amma yana kwanciya yana tashi, yana bin jaki zuwa inuwa, har birgima ya koma yi. A 2009 majalisar da ke ba gwamnatin Birtaniya shawara kan walwalar dabbobin gona ta raba rayuwar dabba gida uku: wadda ba ta cancanci a rayu ba, wadda ta cancanci a rayu, da rayuwa mai kyau. A shekarar nan Kili yana gidan tsakiya, kuma a ganina wannan ya isa dalilin a bar shi da ransa, ɗingishi ko ba ɗingishi.

Tun a lokacin abokina ya sa Kawu ya rataya kalanda a ɗakin mai gadi. Ranar da dokin ya kwanta ya tashi da kansa, ya taka zuwa ruwa, ya kula jaki, a sa ɗigo. Ranar da ya yini a tsaye wuri ɗaya yana sauya ƙafa, a ja layi. Suka kuma yi alkawari cewa in layi ya fi ɗigo yawa a wata guda duk da magani, ko kuma ya kasa tashi sai an ɗaga shi, to lokaci ya yi. Hikimar yin alkawarin tun dokin yana da sauƙi ita ce, in ranar ta zo zuciya ciniki take farawa.

Kada mai karatu ya ɗauka rashin kuɗi ko rashin asibiti ne ke sa irinmu cikin wannan ruɗani. A watan Mayun 2006 wani doki mai suna Barbaro ya ci tseren Kentucky Derby a Amurka. Bayan mako biyu, a farkon tseren Preakness, ƙafarsa ta baya ta dama ta farfashe a gaban dubban 'yan kallo. Aka kai shi wancan asibiti na New Bolton, aka haɗa ƙashin da farantin ƙarfe da kusoshi 27. Karayar ta kama hanyar warkewa, amma nauyin da ya koma kan ƙafar baya ta hagu ya jawo mata laminaitis a watan Yuli, har aka cire mafi yawan bangon kofaton. Wata takwas ana fama, jama'a suna aiko masa da katuna da furanni. Da ciwon ya kama ƙafafun gaba, babu sauran ƙafar da zai tsaya a kai, masu shi suka yarda aka ƙarasa shi ranar 29 ga Janairun 2007. Har yanzu masu dawaki suna gardama a kan ko watannin nan takwas don Barbaro aka yi su ko don masu son Barbaro. Dukiya ta sayo musu lokaci da ƙwararru, amma tambayar da ta tsaya a gabansu ita ce dai ta Kawu.

A wurinmu hanyoyi uku ne a gaban mai tsohon doki. Ta farko a sayar. Dillali zai zo ya yi magana mai daɗi, ya ce wani ne a ƙauye yake son dokin ado, alhali kowa ya san yawancin irin waɗannan dawaki mota ake loda su zuwa kudu, irin su kasuwar Obollo Afor a jihar Enugu, inda ake yanka su. Ban da ta cewa a kan masu cin naman doki, abincinsu ne. Magana ta a kan mai sayarwa ce, wanda ya ce ba zai iya ganin an kashe dokinsa ba, sai ya sa dabbar da ba ta iya tsayuwa a yashi ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a tsaye a bayan mota, don a yi kisan inda idonsa ba ya gani, a ba shi kuɗi a kai. Cikin hanyoyin uku wannan ce ta fi sauƙi ga mutum, ta fi tsanani ga doki.

Ta biyu a bar wa Allah. Nan Kawu ya tsaya da farko, yana cewa rai na Allah ne, shi wane ne da zai cire. Ina girmama wannan tsoro, domin mutumin da cire rai bai dame shi ba abin gudu ne. Sai dai dokin da ke gonar Kawu ba a daji yake ba. A daji dokin da ya kasa gudu ba ya daɗewa. Mu ne muka kewaye shi, muka kawo masa ruwa da ciyawa har bakinsa, muka ba shi magani, muka ja kwanakinsa zuwa inda ƙafafunsa ba za su kai shi ba. Wanda ya sa hannu a duk wannan ba zai wayi gari ya ce shi ɗan kallo ne ba. Ƙin yanke hukunci ma hukunci ne, kuma a jikin doki ake zartar da shi kowane dare. Da Kawu ya kai maganar wurin limamin unguwa, sai ya tarar malamanmu sun riga mu tunani a kai. A Mukhtasar na Shehu Khalil, littafin da aka daɗe ana karantawa a zaurukan ƙasar nan, an halatta yanka dabbar da ba a cin namanta in an fid da rai da ita, don a hutar da ita. Doki kuwa a mashahurin zancen Malikiyya ba a cin namansa.

Fatawar ba ta kwance wa Kawu ƙullin ba, kuma sai daga baya na gane dalili. Shekarunsa sun haura 70, gwiwoyinsa sun ci amanarsa, a kan kujera yake sallah. Wata rana muna zaune a bakin gona muna kallon Kili sai ya ce, "To ni ma da na daina moruwa, sai a yi mini allurar ke nan?" Na ce, "Haba Kawu, Allah ya kiyaye." A ranar iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Amsar da na samu daga baya ita ce, Kawu in ciwo ya hana shi barci yana da abin yi da daren. Yana jan carbi, yana tuna iyayensa, yana jiran auren jikarsa, yana sa ran lada a kan haƙuri, kuma in abin ya yi yawa yana da bakin da zai faɗa. Wahalarsa tana zaune ne a cikin rayuwar da ta fi ta faɗi. Kili ba wanda zai yi masa bayanin cewa ya daure zuwa damina. In ƙafafunsa suna ci da wuta, daren nan gaba ɗayansa wutar ce. Shi ya sa hukuncin dabba ba ya tsallakawa kan mutum, shi ya sa kuma haƙurin da yake ado ga mutum ba ya zama hujjar a ɗora wa doki.

Hanya ta uku, wato a ƙarasa shi a inda ya saba, cikin sauƙi, tana da tata matsalar, domin babu wanda zai iya dacewa da ranar daidai. Ko dai a yi wuri ko a makara. In an yi wuri, dokin ya rasa wasu 'yan kwanaki masu daɗi da bai san da zuwansu ba, mai shi kuma ya zauna da zargin kansa. In an makara, mai shi ya samu natsuwar cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, dokin kuma ya biya kuɗin natsuwar da jikinsa. Kusan duk wanda na sani na biyun yake zaɓa, yana kiransa tausayi. Ni dai na karkata ga cewa wanda ya hau doki shekara 14 ya kamata ya yarda ya ɗauki wannan nauyi ɗaya a madadinsa. Na san faɗa ya fi yi sauƙi, domin ni ma da lokacin ya zo bakina mutuwa ya yi.

Da hunturu ya shigo sai Kili ya fara komawa gidan jiya. Magani ya daina riƙe shi, aka ƙara, ya fara zawo, aka rage. Na kwana uku a gonar cikin watan, duka dararen a tsaye ya yi su, jaki yana kwance a gefensa. Na ga haka, na kalli Kawu, na kasa cewa komai. Wata safiya mai gadi ya tarar da shi a kwance yana ta shure-shure ya kasa tashi, sai da mutum biyar suka sa igiya suka ɗaga shi. Sharaɗin alkawari ya cika ke nan. Kawu ya ce a bari a ga bayan Juma'a. Ranar Juma'a da dare ya sake faɗuwa, ya gurje gefen fuskarsa a jikin shinge. Ranar Asabar da hantsi Kawu da kansa ya kira abokina ya ce, "Likita, ka zo da kayanka."

Aka yi masa allurar barci tukuna, Kawu yana riƙe da ragama yana yi masa magana a kunne, sannan aka yi ta biyu. Bai ɗauki minti biyar ba. Abokina ya sa aka haƙa rami mai zurfi sosai a ƙarshen gona, domin maganin yana zama a cikin naman, ungulu ko kare da ya ci zai iya mutuwa. Jakin ya yi kwana biyu yana zagaya shingen yana kuka.

Da muka je kwashe kayan Kili na ga kalandar a ɗakin mai gadi, na cire shafin watan na ninke na sa a aljihu. A gida na ƙirga, ɗigo 17, layi 9. Na nemi kwanaki ukun da na kwana a gonar, na tarar duka ɗigo Kawu ya sa musu.